Allurar da Na Karanta wa Kawu Sabo

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Kawu Sabo a mota ya san abin da yake fara yi tun kafin a gama gaisawa: cire takalmin ƙafar dama. Na dama kawai. Ya rungume shi a cinya kamar jariri, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya lumshe ido. In ka ce, "Kawu, ya iyali?" sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya.

"Dakata tukuna. Tana magana."

Motar yake nufi. A wurin Kawu babu motar da ba ta kai ƙara, masu ita ne ba sa saurara. "Takalmi kurma ne," in ji shi. "Kun toshe ƙafa da fata da roba, sannan ku zo kuna cewa birki ya lalace ba zato ba tsammani. Wata uku tana gaya muku!"

Matsalar ita ce, in an iso sai ya fita da zafin bayani, sai motar ta yi nisa sannan ya ji sanyin ƙasa. Ku da kuka saba shiga gidansa na Perry Barr a Birmingham kun ga takalman hagu a jere bayan ƙofa, marayu, kowanne ba ɗan'uwa. Matarsa, Anti Rabi, ta yi ta fama a zubar da su, ya hana. "Abokansu suna hanya," yake cewa. "Mutanen kirki ne suka tafi da su."

Anti Rabi ce ta ce in rubuta abin da za a karanta a taron addu'ar nan, tunda ni ce mai yawan rubuce-rubuce a dangi. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Hadiza, 'yar ƙanwarsa da ke Old Trafford a Manchester. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". Na karɓi aikin, amma da sharaɗi. Zan ba ku dariya gwargwadon iyawata, ku kuma ku bar ni in faɗi wani abu da na yi wa Kawu, wanda ya cinye masa wata takwas cikin shekararsa ta ƙarshe. Da yawanku abin ya shafe ku, ba ku sani ba.

Bari in fara da Dakta Bashir, don na tabbata yana nan, kuma na tabbata ya riga ya san inda na dosa.

Ina 'yar sakandare a lokacin, na zo hutu Birmingham. Aka yi suna a Old Trafford, Dakta ya ce zai kai mu a sabuwar motarsa, wadda ko ledar kujera ba a gama ɓarewa ba. Kawu a gaba cikin babbar riga, ni da Anti Rabi a baya riƙe da kular waina. Muka hau babbar hanyar M6 lafiya lau. Can gaba aka samu cunkoso, Dakta ya taka birki. Ni dai ban ji komai ba. Kawu ya buɗe ido.

"Bashir, wa ya ɗaura maka tayoyin nan?"

"Haba Kawu, brand new ce fa. Sati biyu."

"Ban tambaye ka shekarunta ba. Wa ya ɗaura?"

Dakta ya amsa cewa ya canza wili ne a wani shago, ya sa masu ƙyalli.

"Da bindigar iska suka ɗaure, ko? Tarrr, tarrr, kai kana zaune kana shan kofi?"

"Ai haka suke yi wa kowa."

"Ku ma a asibiti haka kuke ɗura wa kowa magani ba awo? Shiga services na gaba."

Wallahi sai da muka shiga wurin hutawar matafiyan nan. Kawu ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya zaro doguwar sufanar nan tasa mai yin "ƙas" in noti ya kai ƙarfin da ake so, wadda yake yawo da ita a jaka yadda mutanen ƙasar nan suke yawo da lema. Ya sassauta notin kowace taya ya sake ɗaurewa, ba a jere ba, wannan sannan na tsallakensa, kamar mai zana tauraro. Yana yi yana wa'azi: in noti ɗaya ya fi 'yan'uwansa matsewa, faifan birki zai zauna a karkace, in ya zauna a karkace zai ci gefe ɗaya, in ya ci gefe ɗaya sitiyari ya kama rawa. Turawa suna wucewa suna kallon dattijo cikin shadda, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana yi wa babban likita faɗa.

Muka isa an watse, har an wanke tukwane. Anti Rabi ta ce, "Ka ga abin da ka ja mana ko?"

Ya ce, "Shinkafa kowa ya ci yau, Rabi. Birki mai kyau kuwa mu kaɗai muke da shi a garin nan."

Sai aka shiga shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kun tuna su: ana rufe laburare, ana rage bas, kowa yana tsoron ambulan mai ruwan ƙasa. Kawu karatun injiniya ne ya kawo shi ƙasar nan, ya tarar ya fi son ƙarfe da takarda, ya yi shekara ashirin da ɗoriya a wani kamfani mai kula da motocin council, wato ƙaramar hukuma. Wasiƙar sallamarsa ta zo wata Alhamis. Mahaifiyata ta ce in je in dubo shi, don yayanta ba zai taɓa faɗin damuwarsa a waya ba. Na same shi a tsugune gefen motar wani maƙwabci, ya shimfiɗa wasiƙar a ƙasa ya jera notoci a kanta.

"Kawu, wannan ba ita ce takardar ba?"

"Ita ce. Mai kauri ce, Uwata, sun yi ƙoƙari. Noti ba ya gangarawa a kanta."

Kawu dai ba ya yar da komai. Safar hannu ta roba wadda ake sawa sau ɗaya, shi wanke ta yake ya shanya a igiya, maƙwabta su leƙo su ga shuɗayen yatsu suna ɗaga musu hannu. Samfefa kuwa, gwangwanin biskit uku ya ware mata: na samari, na magidanta, na dattawa. Samarin ba a taɓa su sam. Dattawan sun yi sumul kamar tafin hannu, amma in ka ce a yar sai ya harare ka. "Kai ma in ka tsufa a yar da kai?"

Tun daga wasiƙar nan ƙofar gidansa ta zama asibitin motocin ɗalibai, duk Asabar da safe. Ba ya karɓar komai sai kunne. Dole ka tsaya ka saurari bayani daga farko har ƙarshe, kuma dole ka tsuguna ka riƙe masa fitila, ko da rana ta take. Malam Nura, mai yin PhD a kimiyyar sinadarai, ya zo masa wata rana ido jawur. Ya ce sitiyari yana fizgar hannunsa duk sanda ya taka birki, kuma yana zargin daga gida aka biyo shi, don tun da ya samu scholarship akwai waɗanda ba su yi murna ba. Har ya tofa addu'a a ruwa yana yayyafa wa tayoyin kullum da safe. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya kwance tayar, ya kankaro wani abu da farce ya zuba masa a tafin hannu.

"Ga maƙiyin naka. Tsatsa. Kai da kake karanta sinadarai, gaishe ta, kun san juna. Kuma don Allah ka daina ba ta ruwa."

Asabar ɗin nan ita ta riƙe Kawu a tsaye bayan aiki ya ƙare. Anti Rabi ta ce tun daga Laraba yake fara jera sufanu yana goge su, kamar mai jiran baƙi daga nesa.

To, ga tawa.

Bayan na gama jami'a na samu aikin rabin rana a laburare biyu, ɗaya nan ɗaya can, bas ɗin da yake haɗa su kuma aka soke shi. Na sayi wata 'yar tsohuwar mota ja, Kawu ya raɗa mata Jar Kaza. Ni ba direbar kirki ba ce. Ina tuƙi ina kallon yadda ruwan sama yake rubutu a gilashi. Amma ko ni na ji ranar da ta fara. In na taka birki daga gudu, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi, birkin kuma yana bugun tafin ƙafata kamar zuciyar tsuntsun da aka damƙe.

Haka na kwatanta wa Kawu a waya. Ya ce, "Uwata, saki tsuntsun nan tukuna. Sitiyari ne yake rawa ko kujera?"

"Sitiyari."

"To gaba ne. Da kujera ce da baya ne. In ba ki taka birki ba tana yi?"

"A'a."

"To ba taya ba ce. Kawo ta Asabar. A hankali, layin hagu, kuma ban da tsara waƙa a hanya."

Da na iso na miƙa masa mukulli, ya ce a'a, ni zan ja, shi zai saurara. Ban kawo komai a raina ba. Muka zagaya unguwa sau ɗaya, muka dawo ya sa jak. Ya kama tayar ya jijjiga ta sama da ƙasa, hagu da dama, ya ce ƙafar motar lafiya take. Ya cire tayar ya bi fuskar faifan birki da yatsu, a hankali, yana juya shi.

"Kin ji? Nan kauri, nan siriri. Duk zagaye ɗaya fad ɗin da ke matse faifan ya ci karo da tudu, shi ne bugun da kike ji. Mutane sai su ce zafi ne ya lanƙwasa faifai. Ba kasafai ba. Tun farko ne bai zauna daidai ba."

Muka sayo sababbin faifai biyu da fad, don ya ce birki ba a canza masa ɓangare ɗaya. Ya ɗauko magidanci ɗaya daga gwangwani ya goge hob, wato ƙarfen da faifan yake zama a kansa. Ya ɗora faifan ya riƙe shi da noti. Sannan ya fito da abin da ya fi so a duniya bayan Anti Rabi, ko da yake ita ta ce ba ta da tabbas: agogon awonsa. Fuskarsa kamar ta agogon aljihu, allura ɗaya, da ɗan tsinke mai taɓa jikin faifai. Ana juya faifan da hannu. In ya zauna daidai, allurar kaɗan za ta motsa.

"Layi biyar ne iyaka," ya ce. "In ta wuce biyar, a kwance a sake gogewa, ko da za mu kai Magariba. Tsuguna nan kusa, Uwata."

A ɓangaren dama ya juya ya ce me na gani. Na ce biyu. Ya ce madalla.

Kafin mu koma hagu sai ga Dakta Bashir da wasu dattawa biyu daga masallaci, sun biyo gaisuwa. Anti Rabi ta kawo shayi. Suka tsaya a kanmu suna yabo, Dakta yana ba su labarin ranar suna, yana cewa hannun Kawu ya fi na'ura. Na ga Kawu yana jin daɗi, kafaɗarsa har ta ɗan ɗaga. Ya kafa agogon a faifan hagu, yana juyawa, fuskarsa tana wajen baƙi.

"Wannan ma bai wuce uku ba. Ko ba haka ba, Uwata?"

Na dubi allurar. Ta tashi, ta wuce biyar, ta wuce goma, ta kai sha biyar, ta dawo. Ya sake juyawa, ta sake tafiya. Na dubi dattawan nan da kofunansu, na dubi furfurar Kawu. Tun ina ƙarama aka koya mini ba a gyara wa babba magana a gaban sa'o'insa. Na ce a raina ai shi ma yana gani, ya san abin da ban sani ba, wataƙila ni ce ban iya karantawa ba. Na san na iya.

"Haka ne, Kawu. Uku."

"Kun ji ko?" ya ce wa baƙin. Ya ɗaure komai, ya yi mini huɗubar sabon birki: in riƙa taka shi sannu-sannu kwanakin farko, kuma in na tsaya a danja bayan dogon gudu kada in danne shi da ƙafa, in ja na hannu.

Wata uku Jar Kaza ta yi tana tsayawa sumul, har na fara yafe wa kaina. A na huɗu karkarwar ta dawo. Na yi shiru da bakina, amma mahaifiyata ta ɓarar da zancen a waya, Kawu ya ce a kawo masa ita.

Muka zagaya unguwar sau biyu. Ina jiran wa'azi, bai zo ba. A karo na farko a rayuwata na ga ya mayar da takalminsa tun mota ba ta tsaya ba. Na kashe injin.

"Faifai sabo ne," ya ce. "Agogo ba ya ƙarya. Uwata ba ta ƙarya. Saura wa?" Ya juya hannuwansa biyu a cinya yana dubansu. "Shekara talatin ban taɓa ɗaura birki ya dawo mini ba. In hannun nan ya fara kuskure bai sani ba, ran 'ya'yan mutane ne a kai."

Ranar farko gyara wa babba magana ne ya gagare ni. Yanzu kuma sai in ce masa na yi masa ƙarya.

"Ki kai ta gareji," ya ce, ya fita.

Asabar ta gaba bai buɗe ba. Ku da kuka zo kun san abin da kuka tarar: Kawu a bakin ƙofa cikin jallabiya, takalmi biyu a ƙafa, yana cewa, "Na yi ritaya, ku je gareji." Wasu suka ce fushi ya yi, wasu suka ce an gaji da mu ne. Shuɗayen yatsun nan suka ɓace daga igiya. Anti Rabi ta ce sai ya wuni a kujerar bakin taga, in mota ta wuce ya karkata kunne, sannan ya ƙara sautin rediyo.

Ni kuwa na ajiye Jar Kaza a gefen titi a Old Trafford. Ban kai ta gareji ba, don na san abin da za su gani. Ban tuƙa ta ba, don duk taka birki sai ta tuna mini. Na koma tafiya a ƙafa cikin ruwa, in zan je Birmingham in hau jirgin ƙasa. Tun daga Manchester nake maimaita jimlar a raina, gonaki suna wucewa ta taga, in gyara ta, in ƙara mata ladabi, in rage mata kuka. In na isa sai in gaishe shi, in sha shayi, in koma da jimlata yadda na zo da ita. Wasiƙa huɗu na rubuta na yaga. Ni da ake cewa na iya rubutu! Haka aka yi wata takwas.

Sai ciwon sugansa ya taɓa ƙoda, aka kwantar da shi a babban asibitin nan na Edgbaston. Na je da la'asar, Anti Rabi ta fita salla. Ya rame, hannuwansa a kan farin mayafi sun yi tsabtar da ban taɓa ganinsu da ita ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Jar Kaza fa? Me 'yan garejin suka ce na ɓata?"

"Ban kai ta ba, Kawu."

"Saboda me?"

Duk jimlolin da na tsara a jirgi suka gudu suka bar ni.

"Ranar nan, allurar hagu ba uku ta nuna ba."

Ya juyo da kansa wajena. Ina jin ƙarar na'urar da ke gefen gadon.

"Nawa?"

"Sha biyar."

"Sha biyar!" Ya yunƙura har robar ƙarin ruwa ta yi lilo. "Sha biyar kika ce mini uku?"

"Kai ka ce uku, Kawu. Ni amsawa na yi."

"Ni na ce? Ni da ko hancin Bashir ban gani ba ranar, duk girmansa? Me kike tsammani ya sa na tsugunar da ke a wurin? Don ki yi wa taya ado?"

A nan na gane. Ya fi shekara ba ya ganin ƙananan layuka, ya ɓoye wa kowa, har likitansa. Shi ya sa ya daina tuƙi. Shi ya sa dole a riƙe masa fitila ko da rana. "Duk ɗalibin da ya tsuguna kusa da ni," ya ce, "idonsa nake ara, shi bai sani ba. Sai in ce me ka gani, wai gwada shi nake. Ke kaɗai ce alfahari ya sa na faɗi amsar kafin in tambaya."

Sai ya fashe da dariya. Ya yi ta dariya har nas ta leƙo, ya ɗaga mata hannuwansa biyu yana gaya mata da Turanci cewa lafiyarsu ƙalau, a rubuta a fayil. Ni ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Dariyar ta lafa a hankali. Ya mayar da kansa kan matashi.

"Wata takwas, Uwata."

Na sunkuyar da kai.

"Nura sau uku ya zo. Tun daga kan kwana nake jin motarsa, na san abin da yake damunta, in ce wa Rabi ta ce ina barci." Ya nisa. "Da kin bar ni na ji kunya minti biyar a gaban Bashir. Kunya ba ta taɓa jefa kowa a rami ba. Birki yana yi."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Can ya ce, "Kawo biro." Ya faɗa ina rubutawa, mataki-mataki, har takardar ta cika, ya karɓa ya ce zai duba, alhali mu biyu yanzu mun san ba dubawa zai yi ba. Washegari Anti Rabi ta dawo mini da ita a ninke. Kafin in tafi ranar ya ce, "Ke za ki gyara ta. Ke da Rabi."

"Anti?"

"Shekara talatin tana leƙena ta taga tana cewa ba haka ake yi ba. To ga fili."

Asabar na lallaɓo da Jar Kaza ta ƙananan hanyoyi har ƙofar gidan Kawu. Muka ɗora waya a kan katanga, Kawu yana ɗaya gefen a gadon asibiti. Anti Rabi ta ɗaure zani tamau ta sa safar roba. Jama'a, matar nan ta san lambar kowace sufana! Kafin ya ce sha bakwai ta miƙo ta. Muka cire faifan hagu, sai ga shi a jikin hob: ɗan ɓawon tsatsa, bai fi farcen jariri ba, ya tsere wa magidancin samfefa da idon da ba ya gani. Abin da ya karkata faifan ke nan. Na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa ganin ƙaramin abu mai nauyi haka ba.

"Kun same shi?" muryar Kawu daga katanga.

"Mun same shi."

"Rabi, buɗe gwangwanin samari."

Anti Rabi ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Yau za a taɓa samari? Malam, a kira maka likita?"

Na goge hob ɗin har ya yi ƙyalli kamar sabon faranti, na bi shi da yatsa yadda na ga yana yi. Muka ɗora wasu sababbin faifai, don na bara sun riga sun ci gefe. Kawu ya yi tsaki amma ya ce kada a yar da su, za su yi murfin tukunya. Na kafa agogon.

"Juya a hankali. Ni yau ba zan ce komai ba. Me kika gani?"

Na juya. Na sake juyawa.

"Uku, Kawu."

"Rabi, duba mini. Yarinyar nan tana da tarihi."

Anti Rabi ta sa tabarau ta sunkuya. "Uku ne, Malam. Har ya so ya gaza."

Muka ɗaure notocin, wannan sannan na tsallakensa, sufanar tana yin "ƙas" kusa da wayar don ya ji. Da na ƙarshe ya yi ƙara ya ce alhamdulillahi, muryarsa ta dawo irin ta da.

"Uwata, in an sallame ni, Asabar ta farko za a buɗe. Ke ce ido. Ki gaya wa kowa."

Na ce to. Na ce a raina bari in jira a sa ranar sallamar tukuna. Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Don haka yau nake gaya muku, a makare kamar yadda na saba. Ku da kuka zo ƙofar nan a watannin can kuka koma da motocinku, Kawu bai gaji da ku ba, bai yi fushi da kowa ba. Tsoron ya cuce ku ne ya sa ya rufe, kuma ni ce na sa masa tsoron, da kalma ɗaya da na ɗauka ladabi ce. Ku yafe masa. In kuna da saura, ku yafe mini.

Malam Nura, ka neme ni bayan an shafa. Sai bayan jana'iza na juya bayan takardar nan da ya faɗa na rubuta a asibiti, na tarar da rubutu da hannunsa, manya-manyan baƙaƙe masu hawa kan juna, irin na wanda ba ya ganin abin da yake rubutawa. Ya ce birkin dama na gaba ne yake cijewa, a kwance fil ɗinsa a wanke a sa giris. A ƙasa ya ƙara da cewa, "Ba barci nake ba."

Allah ya jiƙan Kawu Sabo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Watannin nan takwas da na ɗauke masa, Allah ya musanya masa su da abin da ya fi su. Ya ba Anti Rabi haƙuri, mu kuma ya ba mu bakin faɗin gaskiya tun masu jin ta suna raye. Amin.